Kunun da Ban Rubuta Ba

Ƙarshen bazara ne, irin lokacin nan da hadari ke haɗowa kullum da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ta ruri, sannan ya watse bai sauke ko ɗigo ba. Zafi ya kai kaji ba sa fita kiwo, sai dai su kwanta gindin randa da baki a buɗe. Shekarar ita ma haka take, kowa jira yake yi. An ce gwamnati ta samu kuɗin mai. Samarinmu na Maruta sun fara tafiya Kano aikin gini, suna dawowa da rediyo da agogon hannu. An ce za a kawo famfo, an ce za a zuba kwalta har Gwaram. Mu mata muna cikin gida muna jin ana faɗa. Ban san shekaruna ba a lokacin, amma gashina baƙi ne wuluk, kuma ina ɗauko tulu daga rijiya sau goma ban nemi wurin zama ba.

Abin da ya sa na ɗauko biro shi ne, makon jiya yara suka kawo magina suka rushe gadon ƙasa na ɗakin baya, za su shafe wurin da siminti. Ban hana su ba. Gado ne da aka gina da rami a ƙarƙashinsa, ana zuba garwashi, mai jego ta hau ta kwanta ta gasu. Yaran yanzu ba su san amfaninsa ba, a cikin ramin suke ajiye tsofaffin takalma. Dā, in ka bi ta bayan katangar gidan da aka haihu da sassafe, ba sai an gaya maka ba. Za ka ji ƙamshin ganyen darbejiya da ya dahu, ka ji ƙarar ganye yana sauka a fatar mutum, fat, fat, ka ji muryar tsohuwa tana cewa a daure. Haka da safe, haka da yamma, har kwana arba'in. Yanzu mace za ta haihu a asibiti, washegari ka gan ta zaune tana latsa waya, ruwan wankanta a bokitin roba, ɗumi kaɗan. Ban ce nasu ya fi ba, ban ce namu ya fi ba. Na dai daɗe ban ji wannan ƙarar ba.

Yarinyar da rushe gadon nan ya tuna mini da ita 'yar farina ce. Ba zan rubuta sunanta ba, don bakina bai taɓa kama shi ba. A gidanmu uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Tun da aka yaye ta, uwar mijina ce ta ɗauke ta, Iya, ɗakinta yana kallon nawa a gida ɗaya. A can ta girma. Ba ta taɓa ce mini Inna ba, Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen babanta suna faɗa. Za ta wuce ni a tsakar gida mu gaisa kamar maƙwabta. Aka yi mata aure a Zandam, da cikinta ya tsufa aka dawo mana da ita goyon ciki, ta haifi namiji a ɗakin bayan nan, ungozoma ba ta ma sha wahala ba.

Aikin jego kuwa nawa ne, kuma shi kaɗai ne aikin da zan yi mata ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Saboda haka na yi shi da duk ƙarfina. Tun cikinta yana wata bakwai nake tara itace, na ƙirya da na marke, masu riƙe wuta. Kafin a kira assalatu na ɗora babbar tukunya. In ruwa ya tafasa Iya ta sa ganye ta yi mata wanka, ni kuma in kwashe garwashin in zuba ƙarƙashin gado. Sannan in dama kunun kanwa. Gero na surfa da hannuna, na niƙa a dutse, kanwar kuma ungurnu ce mai kyau da Malam, mijina, ya sa aka kawo daga kasuwar Gwaram. Ina zuba ta har sai kunun ya yi kore-kore, ya kama harshe. Iya takan ɗanɗana ta ce, "Ƙara. Mai jego ɗanyen nama ce, in ba a dafa ta ciki da waje ba, sanyi ne zai cinye ta." Ta faɗi wannan a kaina lokacin nawa jegon, ta faɗa a kan kowace mace a gidan, kuma dukanmu mun tashi lafiya. In ta ɗauki jaririn sai ta ce, "Wannan angon nawa ko sisi ba shi da shi, sai kuka. Ni dai a sake ni." Yarinyar ta yi dariya daga kan gado, gumi yana zuba daga haɓarta.

Bayan suna da kamar mako biyu, ƙafafunta suka fara nauyi. Da farko mun ce ƙibar jego ce, har barka aka yi mini, wai na iya kiwo. Sai awarwaronta ya ƙi motsi a hannu. Sai fuska ta cika har idanu suka ƙanƙance. Iya ta duba ta ce sanyi ne ya samu ƙofa ya shiga, wataƙila ranar suna da ta fito tsakar gida ba takalmi. Maganin sanyi kuwa kowa ya san shi. Na ƙara itace, na ƙara kanwa, kunu ya koma sau uku a rana. Ta fara tari. Ta daina iya kwanciya, in ta miƙe sai ta zabura ta zauna tana neman numfashi kamar wadda aka danna a kogi. Ranar da ta kasa kaiwa bayan gida da ƙafarta, Malam ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana sauraren numfashinta, ya ce gobe akwai motar kasuwa, Birnin Kudu za mu. Iya ta ce ba a fita da mai jego kafin arba'in. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri." Ban taɓa jin ya tsallake maganarta ba sai ranar.

Ita ce shigata asibiti ta farko. Dogon ɗaki ne, gadajen ƙarfe a jere, warin magani ko'ina. Wata nas ce ke kula da ɗakin mata, kowa Sista yake ce mata, doguwa, ba za ta girme ni ba, Hausarta da ɗan karkata irin ta mutanen kan dutse. Bayan likita ya saurari ƙirjin yarinyar ya yi rubutu ya tafi, Sista ce ta jera mata matasai uku ta jinginar da ita, ta yi mata allura. A gadon kusa da mu akwai wata mata daga Wurno, an rataye mata kwalba, ruwa yana ɗiga cikin hannunta. Na ga ita ana ƙara mata, tawa kuwa ba a rataye komai ba. Na yi ta maza na ce, "Sista, tawa ba za a yi mata ƙarin ruwan ba ne?"

Ta ce, "Inna, waccan gudawa ce ta kwashe ruwan jikinta. Taki ruwa ne ya yi mata yawa. In na rataye mata kwalba ɗaya, kafin magariba sai dai ki aika a kira mutane. Matso ki gani."

Ta ɗora babban yatsanta a ƙwaurin yarinyar ta danna, ta ɗage. Rami ya zauna a wurin kamar an danna tuwo. Muka tsaya muna kallonsa, bai cike ba.

"Me take sha a gida?"

"Kunun kanwa."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ta yi ɗan murmushi wanda ba na dariya ba. "Kin taɓa barin gishiri a buɗe da damina? Me yake yi?"

"Jiƙewa yake."

"To haka yake yi a cikin mutum, ruwa yake kira. Kanwa kuma 'yar'uwarsa ce. Duk inda ta zauna, ruwa sai ya zauna tare da ita, a ƙafa, a ciki, har a huhu. Zuciya ce ke jan wannan kayan. Ta yi wahalar ciki wata tara, kun ɗora ta a wuta, kun kuma ƙara mata lodi. Daga yau ba kanwa, ba gishiri, ko a miya. Ruwan sha ma sai da awo."

Sai ta tambaya ko akwai mai karatu a cikinmu. Na ce na yi yaƙi da jahilci, wata malama ta riƙa zuwa zauren mai unguwa tana koya mana, na iya lambobi, na iya haɗa baƙi a hankali. Ta ce, "Ashe malama ce a ɗakin nawa ban sani ba." Ta ba ni kofi mai layi, da wani jug shi ma mai layi da lambobi, da takarda da fensir. Ta raba takardar gida biyu. Hagu, duk abin da ya shiga bakinta, ko cokali ɗaya ne. Dama, duk fitsarin da ta yi, in juye a jug in duba layin in rubuta. Ta ce tana so dama ta fi hagu kullum. Kowace safiya kuma kafin karin kumallo a ɗora ta a sikeli.

Na riƙe aikin nan kamar salla. Allurar tana sa ta fitsari sosai, ina ta kai da kawowa da fo, ina rubutu. Matar Wurno, da ta fara samun ƙarfin baki, sai ta riƙa tsokanata, "Akawun fitsari, yau nawa aka samu?" In ce mata, "Ya fi naki, ke da sai da aka saya miki ruwa a kwalba." Cikin kwana biyar awarwaron ya fara kaɗawa. Idanunta suka fito. Sista ta cire matashi ɗaya, yarinyar ta yi barci a kan biyu. Ta riƙa ba jaririn nono tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Akwai kuma wani ruwan magani da ake ba ta da cokali, in ta sha sai ta yamutsa fuska. Na taɓa da harshe na ji zartsi. Na ce, "Sista, wannan ai gishiri ne." Ta ce, "Wani iri ne daban. Allurar tana fitar da wanda muke so ya fita, tana kuma haɗawa da wanda zuciya ke bukata. Shi muke mayar mata, da awo." Ta yi bayaninta daidai, ba zan ɗora mata ba. Amma abin da ya zauna a kaina shi ne, ashe su ma gishirin suke bayarwa.

Ranar kasuwa Iya ta biyo mota ta zo. Ta zauna bakin gado ta taɓa ƙafar yarinyar, ta ji ta da sanyi. Ta dubi fankar da ke juyawa a sama, ta dubi kwanon abinci, farar shinkafa ba gishiri. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mai jego, ƙarƙashin iska, ba wanka, ba gashi, ba kunu. Ramewa take yi kuna cewa sauƙi." Da za ta tafi ta ja ni baranda, ta kwance bakin zanenta ta danƙa mini ƙulli. Ta ce, "Ni na rene ta, amma ke kika haife ta. Ki san abin da za ki gaya wa Allah." Na sa ƙullin cikin kayana ban buɗe ba. Ya kwana biyu a wurin.

A rana ta uku da hantsi, ina gyara wa yarinyar matashi, sai ta riƙe bakin mayafina. Ba ta taɓa riƙe ni ba tun tana shan nono. Ta ce, "Yaya, bakina ba daɗi. Sanyi nake ji har cikin ƙashina. Ki ɗan dama mini kunun nan naki mana. Na Iya ma bai kai shi ba." Na ce Sista ta hana. Ta ce, "Kaɗan. Ba wanda ya iya shi sai ke."

Shekara goma sha wani abu tana wuce ni a tsakar gida, ba ta taɓa roƙona ko allura ba.

Bayan ɗakin marasa lafiya akwai rumfa inda masu jinya ke ɗora girki a kan duwatsu uku-uku. Na ari tukunya, na sayi garin gero, na kwance ƙullin kanwar da Iya ta ba ni, na dama. Na ce zan sa kaɗan, amma hannu ya riga ya san awonsa. Na kawo a ƙarƙashin mayafi lokacin da Sista ta shiga ɗakin magani. Yarinyar ta shanye tas, ta lashe ludayi, gumi ya karyo mata, ta ce, "Yanzu na ji ni mutum ce." Na ɗauki fensir, na dubi ɓangaren hagu na takarda, na mayar da fensirin na ajiye. Washegari na sake damawa, safe da yamma. Jibi ma haka. Kunun yana sa ta ƙishirwa, ta nemi ruwa, in ba ta a ludayi, shi ma ban rubuta ba. Takardata ta fi ta kowa tsabta, hagu kaɗan ne kamar kullum.

Sikeli ne ya fara nunawa. Sista ta dubi allurarsa, ta dubi takardata, ta ce abin bai haɗu ba. Ta tambaye ni ko na manta wani abu, na ce a'a. Aka mayar da matashi na uku. Fitsarin da nake juyewa ya riƙa tsayawa a layin ƙasa. Na gani da idona, ni nake rubutawa, amma na ce a raina sanyin ne yake faɗa da kunu, sai an daure. A rana ta huɗu tana ba jaririn nono sai yatsunta suka ƙandare, suka haɗe wuri ɗaya, ta kasa buɗe su. Ta ce leɓenta yana mata kamar tururuwa na bi. Na kira Sista. Ta zo ta kama hannun, ta sunkuya ta saurari ƙirji, sannan ta durƙusa ta jawo kwanon da na tura ƙarƙashin gado. Na wanke shi, amma kanwa ba ta ɓuya. Ta sunsuna.

Na jira ta yi mini tsawa a gaban mutane. Ba ta yi ba. Ta ce, "Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Inna, me ya sa kike sa kanwa a miyar yakuwa?"

"Don ta kashe tsami."

"Jini ma yana da ɗan tsaminsa da Allah ya auna masa. In aka kashe shi, ga abin da hannu ke yi." Ta miƙe. "Da kin rubuta, da na sani tun ranar farko. Ba don in kama ki na ba ki takardar nan ba."

Yarinyar, tana haki, ta ce, "Sista, ni na sa ta. Kar ki yi wa Yaya faɗa."

"Ke kuma yi shiru ki ajiye numfashinki, mai kwaɗayi kawai."

Aka kira likita. Aka ƙara allura, aka turo wata doguwar tukunyar ƙarfe aka sa mata iska a hanci. Kwana biyu Sista tana zuwa ko ba lokacin aikinta ba ne, ta ɗaga jug ta duba da kanta. Ba ta karɓe takardar daga hannuna ba. Na ci gaba da rubutu, yanzu har ɗigon da na jiƙa mata leɓe da shi. Ɓangaren dama ya yi ta raguwa, har ya zama ba abin rubutawa. Tarin ya fara fito da kumfa. Bayan la'asar ta kwana na biyu, tana zaune jingine da matasai, jaririn yana bayana, ta dube ni kamar za ta tambayi wani abu, sai kanta ya sauka gefe.

Ban yi kuka ba. Mutane sun ɗauka kunyar ɗan fari ce, har ana cewa ga mace mai dauriya. Ni dai ban ji komai ba ne, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na naɗe tabarmata, na haɗa kwanuka, na mayar wa mai tukunya tukunyarta. Malam yana da ɗan'uwa a cikin gari, can aka kai ta aka yi mata sutura, aka binne ta kafin magariba saboda zafi. Mijinta bai iso daga Zandam ba sai da aka dawo. Iya tana Maruta, sai washegari labari ya same ta. Har ta rasu ba mu taɓa yin maganar ƙullin nan ba, ni da ita. Ita ta tafi a kan cewa fankar asibiti ce. Ban gyara mata ba.

Jaririn ya yi ta kuka, ba mai shayarwa a gidan da muka sauka, sai ruwan ɗumi muke ɗiga masa. Da gari ya waye na goya shi, ban gaya wa kowa ba, na kama hanyar asibiti da ƙafa. Gadonta har an shimfiɗa sabon zane, wata tsohuwa ce a kai. Na sami Sista a baranda tana wanke hannu. Muka gaisa, ta yi mini gaisuwar rashi. Na ce, "Sista, tambaya ɗaya na zo yi. Kunun ne?"

Ta daɗe tana goge hannunta. Ta ce, "Ban sani ba, Inna. Zuciyar ta riga ta gaji kafin ku zo. Na ga waɗanda ba su sha komai ba suka tafi, na ga waɗanda suka tashi. Kunun dai bai taimake ta ba. Ba zan ce miki fiye da haka ba, ba kuma zan ce miki ƙasa da haka ba." Sai ta leƙa bayana. "Wannan ya ci wani abu tun jiya?"

Na ce a'a.

Ta shiga ciki ta fito da gwangwanin madarar jarirai, da kofi, da ƙaramin cokali. Ta zaunar da ni a dakalin baranda. Ta ce ruwa sai ya tafasa ya huce, a cika zuwa wannan layin. Cokali kaza, a shafe bakinsa da yatsa, kar ya yi tozo. In ya yi kauri zai ƙona masa ciki ya jawo ƙishirwa, in ya yi tsararo ba zai riƙe shi ba. Ta miƙo mini cokalin ta ce in yi ta gani.

Na zuba ruwan zuwa layi. Na auna madarar yadda ta ce, na shafe bakin cokali. Na ga kamar ta yi kaɗan ga yaron da ya kwana da yunwa, hannuna har ya koma cikin gwangwanin. Na fito da shi haka nan, na rufe murfin, na sauko da yaron daga bayana na fara ba shi.